Haƙƙoƙin iyalan 'yan kwana-kwana da suka rasu a bakin aiki

Haƙƙoƙin iyalan 'yan kwana-kwana su ne kuɗaɗen da doka ta wajabta a biya mata, 'ya'ya, iyaye da sauran magadan ma'aikacin kashe gobara idan ya rasu yana cikin aikin gwamnati, musamman idan aikin ne ya yi sanadin mutuwarsa. A Najeriya, mafi yawan waɗannan kuɗaɗe suna fitowa ne daga dokokin da suka shafi ma'aikata gaba ɗaya, wato dokar fansho ta 2014, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, da dokokin fansho na jihohi. Saboda haka abin da iyali za su samu ya dogara ga wanda ya ɗauki mamacin aiki fiye da yadda ya dogara ga irin mutuwar da ya yi. Mutum biyu za su iya rasuwa a gobara ɗaya, ɗaya ma'aikacin tarayya ɗaya na jiha, iyalansu su bi ofisoshi daban, su kuma karɓi kuɗi daban. Idan na uku maƙwabci ne da ya kawo agaji, dokokin ma'aikata ba su tanadar wa iyalinsa komai ba.

Aikin da haɗarinsa

Aikin kashe gobara na gwamnati ya fara ne a Legas a shekarar 1901, a matsayin wani sashe na 'yan sanda. A 1963 majalisa ta yi dokar da ta raba shi da 'yan sanda ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda yanzu take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin, kamar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, kuma ma'aikatansu ma'aikatan jiha ne, ba na tarayya ba.

A Kano aikin ya wuce kashe wuta. 'Yan kwana-kwana ne ake kira idan yaro ya faɗa rijiya, ko wani ya nutse a kududdufi, ko gini ya rufta, ko mota ta yi haɗari mutane suka maƙale a ciki. Gobara ta fi yawa da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa, komai ya bushe, mutane kuma suna kwana da garwashi a ɗaki ko suna dafa ruwa da hita. Manyan kasuwanni irin su Sabon Gari, wadda gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shagunanta, da Kantin Kwari da Singa, suna da matsattsun lunguna da kaya masu saurin kamawa. Tankokin man fetur su ma babban haɗari ne: fashewar tankar da ta faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ta kashe fiye da mutum 150.

Ba ƙuna ce kaɗai ke kashe ɗan kwana-kwana ba. Hayaƙi yakan shaƙe shi, rufi ko katanga ta faɗo masa, tukunyar gas ta fashe, ko wayar lantarki ta ja shi. A cikin tsohuwar rijiya iska takan yi ƙaranci ko ta gurɓace, shi ya sa mai shiga ceto yakan suma kafin ya kai ga wanda ya je ɗaukowa. Akwai kuma mutuwar da ba ta zuwa nan take. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta mafitsara da ta fatar da ke lulluɓe huhu. Wannan yana da muhimmanci ga batun diyya, domin wanda ya mutu a gadon asibiti shekaru bayan shaƙar hayaƙi ya fi wuyar tabbatar wa hukuma cewa aiki ne ya kashe shi.

Asalin tsarin diyya

Jamus ce ta fara dokar inshorar haɗarin aiki a 1884, Birtaniya ta yi tata dokar diyyar ma'aikata a 1897, daga can kuma tsarin ya shigo ƙasashen da ta mulka. Ginshiƙinsa shi ne ba sai iyali sun tabbatar a kotu cewa mai aiki ya yi sakaci ba. Ya isa a nuna cewa mutuwar ta faru a cikin aiki ko a dalilinsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa mafi ƙarancin abin da ya kamata a biya: yarjejeniyarta ta 1952 ta ce matar mamaci mai 'ya'ya biyu ta samu kashi 40 cikin 100 na albashin mijin, ta 1964 kuma ta ɗaga shi zuwa kashi 50.

A Najeriya, dokar diyya ta 1987 ta tanadi a biya iyalin wanda ya mutu albashin wata 42 a dunƙule, sau ɗaya, shi ke nan. Mai aiki ne ke biya, kuma sau da yawa sai an kai ga shari'a. Dokar 2010 ce ta maye gurbinta.

Ma'aikatan tarayya: inshorar rai da asusun fansho

Ma'aikacin Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya yana cikin tsarin fansho na karo-karo da aka fara a 2004 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka kuma sabunta dokarsa a 2014 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba a asusun ajiya mai sunansa a hannun kamfanin kula da fansho. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan kamfanonin.

Idan ya rasu, abu biyu ne ke fitowa. Na farko kuɗin inshorar rai. Sashe na 4 na dokar ya wajabta wa mai aiki ya yi wa kowane ma'aikacinsa inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, kuma mai aiki ne ke biyan kuɗinta, ba a cire ko sisi daga albashi. Wannan inshora ba ta tambayar yadda aka mutu: da wanda gobara ta ci da wanda zazzaɓi ya ɗauke, duk ɗaya ne. Kamfanin inshora yana biyan wanda ma'aikacin ya rubuta sunansa tun yana da rai. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ne ke shirya inshorar ma'aikatun gwamnatin tarayya. Akwai ƙa'ida a harkar inshora a Najeriya cewa idan ba a biya kuɗin shekara ba, babu kariya. Don haka idan ma'aikaci ya rasu a shekarar da ba a biya ba, kamfani ba zai ba da komai ba, nauyin ya koma kan mai aiki. Dokar ta faɗi haka ƙarara, sai dai karɓar kuɗi daga baitulmali ya fi karɓa daga kamfani jinkiri.

Na biyu shi ne abin da ya taru a asusun fansho tare da ribarsa. Shi wannan ba a miƙa shi ga wanda aka rubuta a fayil kawai. Sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ko kuma, a jihohin Arewa, umarnin kotu mai hatimi da ke nuna magada. Ana haɗawa da takardar shaidar mutuwa, da rahoton 'yan sanda idan haɗari ne, da wasiƙar ma'aikatar da mamacin ya yi wa aiki. Dokar ta yi tanadi har ga wanda ya ɓace: idan shekara ta cika ba a gan shi ba, kwamitin bincike kuma ya gamsu cewa ya mutu, ana biyan iyalinsa kamar na mamaci.

Dokar diyya ta 2010

Wannan ce dokar da ta fi dacewa da wanda aiki ya kashe, ita ce kuma iyalai suka fi rashin sani. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni duka, ban da sojoji. Mai aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, daga nan ake biyan diyya. Ta haɗa da haɗarin da ya faru a wurin aiki, da cutar da aiki ya jawo, da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki.

Bambancinta da tsohuwar doka shi ne biyan wata-wata. Matar da mijinta ke ɗauke da nauyinta, idan tana da 'ya'ya biyu ko fiye, ana biyan kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin duk wata. Idan ɗa ɗaya ne, kashi 85. Idan babu ɗa kuma ta kai shekara 50, ko tana da naƙasa, kashi 60; idan ba ta kai ba, adadin yana raguwa gwargwadon shekarunta, amma ba ya yin ƙasa da kashi 30. Rabon 'ya'ya yana ci gaba har su kai shekara 21 ko su gama digiri na farko, duk wanda ya riga zuwa. Namijin da matarsa ma'aikaciya ta rasu shi ma dokar ta haɗa da shi.

Misali, a ɗauka jimillar albashin ɗan kwana-kwana naira 100,000 ne a wata. Inshorar rai za ta ba da aƙalla naira miliyan 3.6. A tsohuwar dokar diyya, iyalinsa naira miliyan 4.2 za su karɓa su tafi. A sabuwar, matarsa da 'ya'yansa za su riƙa samun naira 90,000 duk wata, kafin shekara huɗu ta cika sun wuce abin da tsohuwar doka ke bayarwa, biyan kuma bai tsaya ba. Ga iyalin da ke da ƙananan yara wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin kuɗin dunƙule yakan ƙare tsakanin biyan bashi da hidimar 'yan uwa tun yaran ba su gama firamare ba. Rauninsa shi ne hauhawar farashi, wadda ke cinye darajar kuɗin wata-wata a hankali.

Dokar tana da wa'adi. Ana sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoton mutuwa ga hukumar nan take, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Ana iya karɓar buƙata har zuwa shekara uku idan akwai uzuri mai ƙarfi. Shekara ɗaya ba ta da yawa a gidan da aka yi rashi: matar tana takaba wata huɗu da kwana goma, 'yan uwan mamaci sukan jira a yi maganar gado tukuna, kafin a ankara lokaci ya ƙure. Haka kuma wanda ya zaɓi karɓar diyya ya bar damar kai mai aiki ƙara kan wannan mutuwar. Ba a haɗa biyun.

Babbar matsalar ita ce biyan kashi 1 ɗin. NSITF ta sha kokawa cewa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba sa zuba nasu kason. Inda ba a yi wa ma'aikata rajista ba, haƙƙin yana nan a rubuce amma hanyar karɓarsa a toshe take.

Tsarin jihar Kano

Mafi yawan 'yan kwana-kwanan da ke aiki a Kano na jiha ne, saboda haka dokar jiha ce ke hukunta makomar iyalansu. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 210, ya kare haƙƙin fansho da garatutin ma'aikatan jihohi, ya hana a riƙe shi ko a rage shi ba bisa doka ba, ya kuma ce a riƙa sake duba shi duk shekara biyar ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi.

Kano ba ta bi tsarin tarayya sak ba. Dokar fansho da garatuti ta 2006, wadda aka yi zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta kafa Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta Jihar Kano. A lokacin, dokar ta tsara ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, gwamnati ta ba da kashi 17, amma kuɗin ba ya shiga asusu mai sunan kowane ma'aikaci. Tukunya ɗaya ce ake zubawa, daga cikinta ake biyan 'yan fansho, da garatuti, da haƙƙin waɗanda suka rasu, gwargwadon matakin albashi da shekarun aiki. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 44 duk a nan suke. Alfanun irin wannan tsari shi ne an san abin da ya kamata a biya tun farko. Haɗarinsa kuwa, idan ma'aikatu suka daina zuba kasonsu, ko aka juya kuɗin zuwa wani abu, sai masu haƙƙi su shiga layi.

Hakan ya faru. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf, da ta hau a 2023, ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48, kuma a watan Disamba na shekarar ta fara rage shi da naira biliyan 6, ta ci gaba da biya kashi-kashi. A cikin masu jira akwai iyalan da aka yi shekaru da rasuwar mai gidansu. Jinkiri irin wannan hasara ce ta zahiri, domin ana biyan adadin da aka lissafa tun ranar mutuwa, alhali buhun masara da kuɗin makaranta sun ninka.

Ban da haƙƙin doka, gwamnoni da shugabannin hukumomi sukan kai kuɗin ta'aziyya, wani lokaci a yi alkawarin ɗaukar ɗan mamaci aiki. Ƙungiyoyin adashi na ma'aikata su ma sukan tara wani abu. Waɗannan alheri ne, ba wajibi ba, kuma karɓarsu ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar.

Gado ne ko kyauta?

A Kano, inda kotunan shari'ar Musulunci ke raba gado bisa mazhabar Malikiyya, tambayar da ta fi jawo rigima ita ce wa ke da kuɗin. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ma'aikaci ya rubuta a fayil a matsayin makusancinsa shi ne mai dukiyar. Ba haka ba ne. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne. Bai mai da ƙane ko babban ɗa mamallaki ba, bai kuma cire kowa daga gado ba.

Malamai da yawa suna raba kuɗin gida biyu. Abin da ya riga ya zama haƙƙin mamaci, kamar albashin da ba a biya ba, da ajiyar fanshon da aka cire daga albashinsa, da garatutin shekarun aikinsa, gado ne. Abin da hukuma ta ware wa wasu mutane da sunansu bayan mutuwa, kamar kuɗin wata-wata na mata da yara, ana bin sharaɗin mai bayarwa. Kan kuɗin inshorar rai an fi samun saɓani, domin dokar ƙasa tana cewa a biya wanda aka ambata, wasu malamai kuma suna ganin amana ce a hannunsa ya kai ta ga magada.

Idan kuɗi ya shiga gado, ana fara cire hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Misali, idan naira miliyan 2.4 suka rage, mamacin kuma ya bar mata biyu, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya: matan za su raba tumuni, wato naira 300,000, kowace 150,000. Uwa da uba kowanne sudusi, naira 400,000. Ragowar miliyan 1.3 na 'ya'ya ne, kowane namiji 520,000, macen 260,000. A nan ake ganin amfanin biyan wata-wata, domin matar da za ta riƙe yaran kasonta na gado kaɗan ne, rabon marayun kuma yakan zauna a hannun waliyyi.

Wasu iyalai kan yi ɗari-ɗari da kuɗin inshora. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka fara aiki, PenCom kuma ta buɗe asusun fansho marar ruwa a 2021. Ya kamata kuma a bambance diyyar ma'aikata da diyyar shari'a ta raƙuma ɗari ko dinari dubu, wadda ake biya idan an yi kisa. Hadisai sun ambaci wanda ya mutu a gobara, ko a ruwa, ko gini ya danne shi cikin masu samun ladan shahada, abin da ake yawan tunatar da iyali a zaman makoki. Wannan bai shafi hukuncin dukiyarsa ba.

Waɗanda doka ba ta kai gare su ba

A garuruwan karkara irin su Balan a ƙaramar hukumar Gaya, da ƙauyukan Ajingi, waɗanda ke fara tarar wuta maƙwabta ne. Idan danga ko rumbu ko tarin karan dawa ya kama bayan kaka, matasa ne ke fitowa da bokiti da ƙasa da ɗanyen ganye, kuma sau da yawa kafin motar kwana-kwana ta iso an gama. Idan mutum ya faɗa rijiya, mai haƙar rijiya ko wani mai ƙarfin hali ne ake ɗaura wa igiya. Babu ɗayan dokokin da aka ambata a sama da ya ɗauki irin wannan mutum a matsayin ma'aikaci. Abin da iyalinsa ke samu shi ne gudunmawar dangi da ta masallaci, zakka, da abin da dagaci, hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ya ga damar bayarwa.

Ma'aikatan wucin gadi suna tsakiya. Dokar diyya ta 2010 ta ambace su a cikin ma'anar ma'aikaci, amma ba sa cikin asusun fansho, kuma idan babu takardar ɗaukar aiki, tabbatar da albashin da za a yi lissafi a kansa yana da wuya. Ko ga cikakken ma'aikaci, nisa da birni ƙarin nauyi ne: ofisoshin fansho da na diyya suna cikin Kano, kuma iyalin da ke Gaya ko Ajingi sai sun yi ta zirga-zirga ta Wudil da takardu, wasu matan ma ba su da asusun banki da sunansu.

A wasu ƙasashe

Amurka ta keɓe wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana doka tasu a 1976, wadda ta fara da biyan dala 50,000 ga iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, inda 'yan kwana-kwanan birnin New York 343 suka mutu, an ɗaga kuɗin zuwa dala 250,000. Ana ƙara shi duk shekara gwargwadon hauhawar farashi, yanzu ya haura dala 400,000, kuma ya haɗa da 'yan sa-kai da ke aiki ƙarƙashin hukumomin kashe gobara. A 2003 an shigar da wanda bugun zuciya ko shanyewar jiki ya kashe cikin awa 24 bayan aiki mai wahala. Kanada ta fara biyan dalarta 300,000 ba tare da haraji ba a 2018, ita ma har da 'yan sa-kai. A Faransa, inda mafi yawan 'yan kwana-kwana 'yan sa-kai ne, akwai gidauniyar da ke ɗaukar nauyin marayunsu tun 1926.